Mai Juna Biyu: Idan Allurar Aiki Ta Karye a Cikin Haƙori

Uwargida, ciwon haƙori ba ya jiran ki haihu. Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai ga jijiyarsa, likita yakan huda shi, ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya wanke ramin saiwar, sannan ya cike shi. Da haka ake ceton haƙori ba tare da an cire shi ba.

Likita yana yin aikin ne da wasu allurai na ƙarfe masu siriri sosai. Ramin saiwa kuwa ƙunci gare shi, a mataunai ma yakan lanƙwashe, don haka wani lokaci tsinin allurar yakan karye ya maƙale a ciki.

Idan likita ya gaya miki hakan ta faru, ki kwantar da hankalinki. Guntun ƙarfen ba guba ba ne, ba ya shiga jini, kuma ba ya isa ga abin da ke cikinki. Illarsa ita ce toshe hanya, ya hana a wanke ƙwayoyin cutar da ke ƙasa da shi.

Za a ɗauki hoton haƙorin don a ga inda guntun ya tsaya. Idan yana kusa da baki, ana girgiza shi da wata na'ura har ya saki a zaro shi. Idan ya yi nisa, likita yakan bi ta gefensa ya ƙarasa wankin. Wani lokaci barin sa a ciki ya fi, domin yawan tono yana raunana saiwa. Sai a cike ramin a riƙa duba ki. Cire haƙori shi ne mataki na ƙarshe.

Hoton haƙori da allurar kashe zafi ba sa cutar da ciki, amma ki faɗa wa likita watannin cikinki. Wata na 4 zuwa na 6 ya fi sauƙin aiki. Farasitamol ya isa don rage zafi. Kada ki sha ibuprofen, diclofenac ko tetracycline sai da izinin likita.

Maigida, daga Sabon Birni ko Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce mai nisa, ga kuma halin da hanya take ciki. Ku fara zuwa babban asibitin garinku ku karɓi takardar turawa, ku taho da katin awo da hoton da aka ɗauka. Kada ku bari mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa shi.

Idan kuwa fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ku nufi asibiti a ranar. Allah Ya sauke ki lafiya.