Me ya sa ƙofar mota ke jan mutum a lokacin hunturu?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da tumatir da alkama ke kan ganiyarsu a gonakin Kura, Kadawa da Bunkure, za ka ji ana cewa ƙofar mota ta ja wane, ko an miƙa hannu za a gaisa sai aka ji "tas" a yatsa. Wani kuma ya yaye bargo cikin duhu ya ga tartsatsi. Wannan ba aikin iskoki ba ne, ba kuma alamar ciwo ba ce.

Duk lokacin da abubuwa biyu suka gogi juna suka rabu, kamar rigar sanyi da kujerar mota, ko buhun shinkafa na leda da tufafin mai dako, ɗaya yakan kwashi cajin lantarki daga ɗayan. Da damina, laimar iska tana tsiyayar da cajin a hankali ba tare da an sani ba. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙayau, ga silifas ɗin roba ya raba ƙafa da ƙasa, sai cajin ya taru a jiki. Da ka kai hannu kan ƙarfe, sai ya fita gaba ɗaya. Ƙarfinsa kan kai volt 3,000 kafin ma mutum ya ji, amma yawan wutar kaɗan ne ƙwarai kuma nan take take ƙarewa, shi ya sa ba ta yin lahani. Ka lura, manomin da ke tsaye babu takalmi a jiƙaƙƙiyar gona yana juya ruwan madatsar Tiga ba ya fama da wannan, domin ƙasa na shanye cajin.

Maganin ba wuya. A shafa man kaɗanya ko basilin, a fi sa tufafin auduga. Wajen fita daga mota, ka riƙe ƙarfen ƙofa tun kafin ka tashi daga kujera, ko ka fara taɓa ƙarfe da mukulli.

Inda abin ya wuce wasa shi ne wajen fetur, kuma masu injin ban ruwa kullum suna tare da jarka. Tartsatsin da bai fi tsinin allura ba yana iya kunna tururin fetur. Kada a cika jarka tana bayan a-kori-kura ko ɗaure a kan babur. A sauke ta ƙasa, bakin tiyo na taɓa bakinta. A kashe injin ya huce kafin a ƙara masa mai.

Amma in firji, injin casar shinkafa ko famfon rijiyar burtsatse na jan ka duk lokacin da ka taɓa, har da damina, kuma jan ba ya yankewa, to wannan wutar waya ce mai volt 230 ke zuba, kuma tana kisa. A kashe ta daga tushe, a kira mai gyaran wuta.