Tarakta Ta Kasa Jan Garma: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da zarar damina ta ja baya aka fara gyaran gonakin albasa a Galmi da fadamun Magiya, ko aka shiga huɗa a filin noman rani na Konni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, koke ɗaya ne ke yawo daga Dogarawa har Malbaza da Illela: tarakta tana gudu lafiya lau a kan kwalta, amma da an kafa garma a laka sai ƙarar inji ta dushe, ta kasa ja. Nan take kowa ya zama bakanike. Galibin shawarwarin da ake bayarwa suna da ƙwayar gaskiya, sai dai an lulluɓe ta da kuskuren da ke cin kuɗi.

Magana mafi tsada ita ce wai inji ya mutu, sai an sauke shi an canza ringi. Yakan faru, amma ba a nan ake farawa ba. Injin gazuwal abu uku yake nema: mai mai tsabta, iska wadatacciya, da matsi a cikin silinda. Sa'ad da yake aiki a tsaye, mai da iska kaɗan sun ishe shi, shi ya sa filtar da ta toshe rabi ba ta tona kanta sai an ɗora nauyi. Mai mura yana iya zama ya sha hira, amma a aza masa buhun albasa a ga numfashinsa. Injin da ya gaji da gaske yana da shaidunsa daban: wahalar tashi da safe, shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi, da tururi mai yawa daga bututun numfashin inji. In babu waɗannan, kuma ba a auna matsin silinda ba, hukuncin sauke inji zato ne kawai.

Ta biyu ita ce wai duk laifin man jarka ne da ake sayarwa a bakin hanya kusa da iyaka. Rabin wannan gaskiya ne. Ruwa da yashi a cikin gazuwal suna toshe filta, suna cinye famfon mai da nozul. To amma datti ba ya tambayar inda aka sayi mai. Gazuwal ɗin matatar SORAZ ta Zinder ma, in aka zuba shi a tsohuwar ganga mai tsatsa aka bar ta buɗe cikin ƙurar hunturu, ya lalace. Tankin da ya kwana rabi kuma yakan tara raɓa a ciki. Don haka a bar ganga ta kwanta kafin a ɗiba, kada a zuƙo na ƙasa, a cika tanki da yamma, a zubar da ruwan da ya taru a kofin filta. A duba har ɗan ramin iska na murfin tanki, domin in ya toshe mai ba ya sauka yadda ya kamata.

Ta uku ƙarya ce tsagwaronta: wai baƙin hayaƙi alamar ƙarfi ne. Baƙin hayaƙi mai ne da bai ƙone ba, ko don iska ta gaza, ko nozul na zubar da mai maimakon fesawa, ko nauyi ya fi ƙarfin inji. A ƙasa mai ƙura irin tamu, filtar iska ce ta farkon zargi. Wanda ya murɗa famfo don a ƙara mai alhali filta a toshe take, zafi da asarar gazuwal kawai ya ƙara. Wanda kuma ya cire filtar gaba ɗaya zai ji ƙarfi ya dawo na ɗan lokaci, amma ƙurar da ya buɗe wa ƙofa ita za ta goge ringi da silinda. Haka nan zuba fetur ko kananzir a gazuwal don wai ya ƙara kuzari: famfo da santsin gazuwal yake rayuwa, tsinka shi kashe famfo ne.

Akwai kuma lokacin da inji ba shi da laifi ko kaɗan. In ƙararsa ba ta sauka ba amma tarakta ta rage tafiya, ga warin ƙuna, kuloci ne ke zamewa. In tayoyi na juyawa wuri ɗaya, riƙon ƙasa ne ya gaza. In ƙarfi yana raguwa ne bayan an jima ana aiki, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, a duba lagireto, ko ƙaiƙayi da ƙura sun rufe shi. Garmar da ta wuce salin-alin a jigawa kuwa ba dole ta wuce busasshiyar lakar fadama da giya ɗaya da zurfi ɗaya ba. A sauko da giya, a ɗan ɗaga garma, a saurari inji.

Mai tarakta zai iya cewa yawancin injunan nan tsofaffi ne, sun sha hannu kafin su iso, kuma lokacin huɗa gajere ne, manoma na jira, babu sararin gwaje-gwaje. Hujjar tana da nauyi, amma ƙarshenta goyon bayan bin tsari take yi. Duba filta biyu, kofin ruwa, bututun mai da lagireto aikin hantsi ɗaya ne. Sauke inji kuwa kwanaki ne a gareji da jiran kayan gyara, kuma in filta ce asalin cutar, sabon ringi ba zai warkar da ita ba. Tsohon inji ma yana bukatar mai da iska masu tsabta. Saboda haka kafin mai tarakta ya yarda a kwance kan inji, ya tambayi bakanike abu biyu: wane launi hayaƙin yake, kuma nawa awon matsi ya nuna?