Ƙarhe ba ya aikuwa sai an riƙe shi

Ƴan uwa manoma da maƙera, a wannan wata za mu yi magana bisa wani abu da ba a cika kula da shi ba cikin shagon masu aikin ƙarhe, watau kayan riƙon aiki.

Ga abin da ya sa. Da damanar da ta wuce, wani dattijo cikin masu karatu a santar ɗinmu ya zo ranshi a ɓace. Bakin galmar shanunshi ya karye ana tsakiyar noman fari. Ya tahi kasuwa ya sayo sabo wurin wani maƙeri. Da ya komo gida, ramun bulon guda ya hau, na biyu ya ƙiya. Saɓanin bai kai faɗin ƙwarar wake ba, amma bulon bai shiga ba. Kwana ukku shanu suna ɗaure, haki yana cin gero. Ƙarhen mai kyau ne, maƙerin kuma ba rago ba ne. Da ido ya auna, yaro ya riƙe mishi da hannu, ya huda.

Maƙeranmu sun san riƙo tun kaka da kakanni. Ba wanda ke dukan jan ƙarhe bisa uwar maƙera ba da awartaki ba. Masassaƙi ma da ƙafa yake danne icce. Amma aikin mashin ya hi ƙarhin hannu da ƙafa, kuma yana son awo na milimeta.

Na farkon kayan riƙo shi ne eto, wanda wasu ke ce ma bayis. Baki biyu gare shi, ana juya hannu su matse. A kahe shi ga tebur da bulon, tsawonshi daidai gwiwar hannun mai aiki. In za a yi guga da magagari ko yanka da zarto, a kama aikin kusa da bakin, don in ya yi tsawo sai ya riƙa rawa yana kuka. In ƙarhen mai taushi ne ko mai zare, a sa mishi ɓallin sanholo ko na icce a baki, kada haƙoran eto su cije shi. Kuma eto ba maƙera ba ne. Na ga da yawa sun tsage saboda dukan masaba.

Mashin ɗin da ake kira tur, mai juya ƙarhe yana here shi, shi ma da nashi bakin. Akwai mai haƙora ukku, waɗanda ke matsowa tare su kai ƙarhe tsakiya da kansu. Akwai mai huɗu, kowane ana ɗaure shi daban, don ƙarhen da ba kewayayye ba. Doka guda ce a nan: kada a bar makulli cikin bakin. In mashin ta tashi da shi, jifa za ta yi, kuma ba ta zaɓen wuri.

Amma wanda ya shahi galmar dattijonmu shi ne gabari. Gabari wani mazauni ne da ake ƙerawa don aiki iri guda tak. Ana yin awon sau ɗaya, da natsuwa, a ɗinke shi da walda. Daga nan kowane ƙarhe aka kawo, sai a aza shi, ya zauna inda na jiya ya zauna.

Yaya ake ƙarhe ya zauna wuri guda? Ku dubi murhu. Duwatsu ukku mata ke girkawa, tukunya ba ta rawa. In huɗu ne, sai guda ya rasa taɓa gindin tukunya. To haka masana suka tsara. Matokara ukku a ƙasa, ƙarhe ba ya lilo. Biyu a gehe, ba ya zamewa, ba ya juyawa. Guda a ƙarshe, ba ya yin gaba. Shidda ke nan. Sannan a kawo abin matsewa ya danna shi wajen matokaran. In an danna inda babu komi a ƙarƙashi, ƙarhen lanƙwashewa zai yi, in an sake shi ya miƙe, awo ya ɓaci.

Gabarin huji yana da ƙari. Inda za a yi rami, ana dasa ɗan zobe na ƙarhe mai tauri, bakin mashin ya bi ta cikinshi. Ba ya iya kaucewa. Ko aparanti ne ya huda baki ɗari, ramunansu za su zo daidai. Da maƙerin can yana da wannan, da dattijo bai yi asarar kwana ukku ba.

Masu walda su ma su saurara. Ƙarhe in ya yi zahi yana buɗewa, in ya huce yana jan ɗan uwanshi. Shi ya sa za ka ga an ɗinka gadon amalanke a ƙasa, bisa rairayi, an gama ya karkace. Ranar da aka ɗaura jaki, amalanke na tahiya a kaikaice, taya guda na cinyewa, dabba na wahala. A sa ƙarahan cikin gabari, a matse, a ɗiɗɗiga walda kusurwa kusurwa tukuna, sannan a ɗinke, yanzu nan, an jima can. Kada a kwance sai ya huce.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. A 1785, a Faransa, wani maƙerin bindiga, Honoré Blanc, ya zube kunamun bindiga 50 a warwatse gaban jakadan Amurka, Thomas Jefferson. Jakadan ya riƙa ɗaukar gutsattsarin yadda hannunshi ya faɗa, yana haɗawa, suna hawa. Da gabari da ma'auni Blanc ya yi su. Haka kuma kamfanin Ford ya ƙera mota iri guda, Model T, hiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927. A nan ƙasarmu, cikin shekarun 1970 da 1980, atiliye irin su ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram da CDARMA a Doso sun ƙera amalanke da kayan noman shanu masu yawa. Manomi ba ya cin amfanin irin wannan aiki sai in abin da ya karye yana da madadi da zai hau.

Na san abin da wani maƙeri zai ce: ina kuɗɗin? A ganina wannan ba hujja ba ce. Gabarin bakin galma bai wuce guntun faranti mai kabri, da gutsattsarin ƙarhe, da bulon biyu ba. A samu baki na asali wanda bai ci ba, a ɗauki awon ramunan daga jikinshi. Aikin wuni guda ne. In an gama, a rubuta sunan galmar a jiki, a rataye. Ga inda karatun da muke yi da dare ke da rana.

Abu biyu kuma. Kahin a aza sabon ƙarhe, a share garin ƙarhen da ya zuba bisa gabari, da buroshi, ba da hannu ba. Ƙwaya guda in ta shiga ƙarƙashi ta isa ta ɗaga aikin. Sannan kada a sa yaro ya riƙe falle da hannu ƙarƙashin mashin ɗin huji. Lokacin da baki zai ɓulla yana cahe fallen, ya juya da shi kamar wuƙa.

Kai kuma manomi, in za ka sayen sabon baki, tahi da tsohon da bulon ɗinshi. Aza su bisa juna nan gaban maƙeri, ka zura bulon cikin ramunan duka biyu kahin ka biya.