Idan Famfon Iskar Motarka Ya Ƙi Tashi A Tsakiyar Daji

Ka ɗauka watan Agusta ne, ka taso daga gona a bayan Tsiga da buhunan taki da suka rage da yara biyu a bayan Hilux. Da safe ka sassauta iskar tayoyi don motar ta iya ratsa taɓo, yanzu kuma ga hanyar Bakori a gabanka, rana ta yi ja. Ka ɗauko ɗan injin iskar nan da ka saya a Funtua, ka jona, ka danna, shiru. Wanda ya san yankin nan ya san abin da ake nufi da magariba ta riski mutum a daji a 'yan shekarun nan. Mai faci mafi kusa kuwa ya riga ya naɗe tiyonsa ya tafi gida.

Kafin ka zagi wanda ya sayar maka, sani cewa galibin lokaci injin da kansa lafiyarsa ƙalau. Wuta ce ba ta isa gare shi ba.

Fara da tayar da motar. Batir mai lafiya yana riƙe da wajen bolt 12.6 idan mota na kashe, idan kuma tana kunne yakan haura zuwa 14 ko kusa da haka. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin injin da ke nishi da wanda ke aiki, ga shi kuma ba za ka zuƙe batirin ka rasa abin tayar da mota ba. Idan har yanzu shiru, je ka ga fis. Ramin kunna sigari da mutane ke jona famfo a ciki, fis ɗinsa a yawancin motoci amfiya 10 ne zuwa 15. Ƙananan famfuna na jurewa da haka, amma manyan nan masu fistin biyu suna jan amfiya 30 ko fiye, shi ya sa suke zuwa da maƙalai irin na batir. Wanda ya yanke maƙalan ya sa musu kan sigari don sauƙi, ya sayi ƙonewar fis a kowace tafiya. Ka kuma duba kan filogin kansa: da yawa akwai ɗan fis na gilashi a ɓoye a ciki, sai ka warware hancin za ka gan shi.

A nan ne nake son in ja kunnenka. Fis ya ƙone, babu wani a mota, sai wani ya ce a naɗa waya ko takardar kwalin sigari a wurin. Dabara ce da ta ƙona motoci. Aikin fis ya mutu kafin waya ta yi zafi. Ka hana shi mutuwa, wayar ce za ta narke a bayan dashbod inda ba ka gani. In dole ce, ciro fis mai lamba ɗaya da shi daga abin da za ka iya haƙura da shi, kamar rediyo. Idan sabon ma ya ƙone nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko injin ya cije. Kada ka sa na uku.

Masu famfon da aka ɗaure a jikin mota, da makunni a gaban direba, suna da ƙarin wurin dubawa. Danna makunnin ka saurara: idan ka ji “ƙas” amma injin bai juya ba, saƙo ya isa rile, matsalar tana kan babbar wayar da ta fito daga batir ko kan baƙar wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Lakar damina da tsatsa suna son wurin nan. Kwance kusar, kankare har ƙarfe ya yi fari, mayar ka ɗaure.

Wani lokaci kuma injin yana ta ƙara kamar zai tashi sama, taya ko motsi. Cire tiyo daga taya ka ɗan toshe bakinsa da yatsa na daƙiƙa ɗaya. Idan ya ture yatsan da ƙarfi, injin ba shi da laifi; ko dai bakin tiyon bai danna allurar bawul ba, ko iskar na zurarewa a hanya. Kaɗa ruwan omo ka shafa a mahaɗai da kan bawul, kumfa za ta nuna maka ɓarawon. Idan kuwa iskar ba ta da ƙarfi, duba inda injin ke shaƙa. Akwai ɗan soso a wurin, kuma ƙurar burji da ta hunturu na toshe shi har ya koma kamar bulo. Da yawa daga cikinmu a ƙasa muke ajiye famfo, a kan jan turɓaya, yana hurawa yana haɗiyar yashi. Yashin nan shi ke cinye ringin fistin, kuma ringin da ya cinye ba ya gyaruwa a bakin hanya. Shimfiɗa buhu ko tabarmar mota ka ɗora shi a kai. Kada kuma ka ɗura masa baƙin mai wai don ya yi laushi, ƙananan nan an ƙera su ne su yi aiki babu mai.

Wanda ya hura taya biyu sannan ya mutu, sau da yawa bai mutu ba, zafi ne ya sa makarin da ke cikinsa ya yanke wuta. Bar shi a inuwa kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Uwargida, riƙe yara a wannan lokacin, don kan injin da ƙarfen bakin tiyo suna ƙona hannu kamar dutsen guga.

Geji ma yakan ruɗi mutum. Yayin da injin ke aiki allurar na nuna fiye da abin da ke cikin taya, sai ka kashe za ka ga gaskiya. Wasu gejin da PSI suke ƙidaya, wasu da ba. Ba ɗaya daidai yake da PSI 14.5. Adadin da motarka ke buƙata yana rubuce a 'yar takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, har da na lokacin da aka yi lodi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Wannan ya fi shafar masu jigilar masara da waken suya da kaka zuwa kasuwannin Funtua da Dandume: taya mai ƙarancin iska, ga buhuna, ga gudu a kan kwalta, zafi take tarawa har ta fashe.

Idan tayar tubles ta saki bakin rim, ƙaramin famfo ba zai iya mayar da ita yadda take ba, domin iskar na fita da sauri fiye da yadda take shiga. Ɗaga motar da jak, wanke lakar da ke bakin rim, zagaya tsakiyar tayar da igiyar ɗaure kaya ka tamke har gefunan su matso, sannan ka hura. Da ta kama sai ka saki igiyar. Zuba fetur a ƙyasta ashana da ake nunawa a bidiyon waya, bar wa masu shi. In ta ƙi, sa safaya, wadda ya kamata ka gwada iskarta tun ranar da ka gwada famfon a ƙofar gida.