Na'urar da ke hana jirage yin karo a sararin sama

Direban motar albasa da ya taso daga Madawa ya san dokar hanya: kowa ya riƙe hannunsa na dama, a wuce lafiya. Jiragen da mutanen Buza da Keita kan hango suna jan farin zare a sama su ma suna da tasu doka: akwai tsayin da aka keɓe wa mai nufar gabas, akwai na mai nufar yamma. In aka saɓa mata, rayuka ne ke salwanta.

Ranar 13 ga Satumba 1997, wani jirgin sojan Jamus ya sha mai a Yamai, ya nufi Namibiya. Ya hau tsayin da ba nasa ba, wajen mita 10,700, har ya yi karo da jirgin sojan Amurka bisa teku, kusa da gaɓar wannan ƙasa. Mutum 33 ne cikin jiragen biyu, ba wanda ya tsira. Ko ɗaya daga cikin jiragen bai da na'urar da ake kira TCAS.

Wannan na'ura tana aika tambaya ta rediyo ga jiragen da ke kewaye, ta lissafa nisansu da tsayinsu. In saura kimanin daƙiƙa 40 a haɗu, sai ta yi wa matuƙi gargaɗi. In haɗarin ya matso, na'urorin jiragen biyu su daidaita tsakaninsu: wannan ya hau, wancan ya yi ƙasa. Daga 2003, hukumar OACI ta wajabta ta ga manyan jiragen fasinja.

Sai dai na'ura ba ta da amfani in ba a bi umurninta ba. A 2002, a kudancin Jamus, ta ce wa wani matuƙi ya hau, jami'in kula da zirga-zirga ya ce ya yi ƙasa. Ya bi maganar jami'in, mutum 71 suka halaka. Tun daga nan aka ƙarfafa doka: in maganarsu ta saɓa, ta na'ura ake bi.

A Nijar, ASECNA ce ke jagorar jirage daga ƙasa. Maniyyaci ko ɗan kasuwan Adar da ya shiga jirgi, bayan kiyayewar Allah, tsaronsa na hannun waɗannan jami'ai, da na'ura, da matuƙi mai bin doka.