Ko Kun Sani? 'Yan Gida Ɗaya, Hali Daban-daban

Ƙwayar bakteriya ba ta haihuwa, rabewa gida biyu take yi. Idan lokaci ya yi, wani furotin mai suna FtsZ kan yi mata zobe a tsakiya, kamar ɗamara, daga nan sabon bango ya tashi har ta tsinke biyu.

Daga cikin bakteriya, Bacillus thuringiensis mai kashe tsutsa, wadda aka fara ganowa a Japan a 1901, da Bacillus cereus ta cikin ƙasa mai lalata shinkafar da ta kwana, da Bacillus anthracis mai sa wa dabbobi ciwon saifa, duk FtsZ ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Kuskure kaɗan a wannan furotin kan hana ƙwaya rabuwa, shi ya sa bai cika sauyawa ba.

Yawancin bambancinsu yana cikin wasu ƙananan zobban gado da ake kira filasmid. Abin ban sha'awa, daga gadon thuringiensis aka samo garkuwar waken SAMPEA 20-T na Zariya, wanda Najeriya ta amince da shi a 2019 saboda tsutsar kwanson wake.