Harshen Damo a Kalmar "Bugun Zuciya" da Sunan Na'urar Difibirileta

1.0 Gabatarwa

A unguwa irin Tudun Fulani ta garin Minna, inda Hausa ke haɗa Bagwari da Banufe da Bafulatani, idan baligi ya yanke jiki ya faɗi akan ce "bugun zuciya ne". Wannan maƙala za ta nuna cewa kalmar tana da harshen damo, wanda kan iya jawo asarar rai.

2.0 Ma'anoni Uku

Akan yi amfani da "bugun zuciya" wajen nufin:

(a) harbawar zuciya ta yau da kullum;
(b) toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, inda galibi mutum yana cikin hayyacinsa;
(c) tsayawar zuciya, inda ba ya amsa kira, ba ya kuma numfashi sai gargara.

Mai (c) kaɗai ake sanya wa na'urar.

3.0 Sunan Na'urar

Claude Beck ne ya fara ceton ɗan Adam da ita a Amurka a 1947, Frank Pantridge kuma ya samar da ta ɗauka a Ireland ta Arewa a 1965. Sau da yawa zuciyar ba cak ta tsaya ba, karkarwa take yi ba ta tura jini. Lantarkin yakan katse karkarwar, sai zuciyar ta koma kan tsarinta. Saboda haka "mai tayar da zuciya" bai dace ba. "Na'urar daidaita harbawar zuciya" ya fi.

4.0 Umarnin Aiki

Galibin masu sarrafa kansu da Ingilishi suke magana. Ga umarnin da Hausa:

1. Kira lambar gaggawa, 112.
2. Danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6.
3. Kunna na'urar, buɗe ƙirji, goge danshi.
4. Manna faifai ɗaya a dama, ƙasa da ƙashin wuya, ɗaya a hagu, ƙasa da hamata.
5. Ce, "Kowa ya ja da baya!"
6. Latsa maɓalli in ta umarta, ci gaba da danna ƙirji nan take.

5.0 Kammalawa

Kowane minti na jinkiri yana rage damar tsira. Ya kamata masana harshe da likitoci su keɓe "tsayawar zuciya" ga (c), su kuma daidaita wannan umarni cikin Gwari da Nufanci da Fulatanci.